Tagar Nono

"Ajiye shi a kan kujera. Ajiye shi, ki ja da baya taku uku."

Maijego ta tsaya a bakin ƙofar falo, jariri a ƙirji, jakar asibiti a kafaɗa, tana kallon mijinta, ko dai abin da take zaton mijinta ne. Farar rigar leda ce tun daga kai har ƙafa, da tabarau irin na masu walda, da takunkumi biyu ɗaya kan ɗaya, da tankin feshi goye a baya. Bakin bututun ita yake nunawa.

"Maigida, yanzu fa muka shigo."

"Kin yi tari."

"Ai a fuska ka fesa min."

"Tari dai tari ne. Inna, kin ji ko ba ki ji ba?"

Inna, uwar mijin, tana raɓe a bayan labule, ta naɗe fuska da gyale har ƙasan ido. "Da kunnena na ji. Sau biyu ma. Na biyun ya fi zurfi."

Jaririn kwanansa ɗaya a duniya, kuma a lokacin nono ne a bakinsa, a ƙarƙashin mayafi. Inna ta zura hannuwanta cikin ledar burodi guda biyu, ta matso a karkace kamar mai ɗaukar tukunya daga wuta, ta zare shi. Bakinsa ya saki da wata 'yar ƙara, sannan ya tsanyare da kuka.

Kafin annoba, kyankyasai da kuɗin cizo maigidan yake fesa wa magani, ko gaisuwa sai ya yi sau biyu ake amsa masa a layin. Da cuta ta shigo, kamfaninsu ya raba musu fararen kaya, ya tura su feshin ofisoshi. Tun daga ranar yaran unguwa suke ce masa Dakta. Da wasa suka fara. Shi bai ɗauke shi wasa ba.

"Akwai takarda," in ji Maijego. Ta zaro ta daga jaka. "Ungozoma ta ce ko da ina da cutar in ci gaba da ba shi nono. In sa takunkumi, in wanke hannu, shi ke nan. Ga shi ta rubuta da hannunta saboda mutanen gida."

"Takarda daga ina?"

"Daga asibiti mana."

"Wato daga gidan cutar. Ajiye ta a ƙasa."

Ta ajiye. Dakta ya buga famfon tanki sau uku, ya jiƙe takardar sharkaf, ya juya ta da ƙafa, ya jiƙe bayan. Da ya ɗaga ta da yatsa biyu, shuɗin biro yana ɗiga a kan siminti. Ya kai ta saitin taga, ya ƙura mata ido ta cikin tabarau.

"Ba ta ce komai ba."

"To a kira ta a waya."

"Wayar ta shiga asibiti?"

Haka wayar ta bi sahun takardar. Ta yi wani ɗan haske kore, ta mutu.

Ɗakin ɗinkinta aka ba ta, saboda yana da ɗan banɗaki a ciki. Dakta ya ciro ledar da aka naɗo sabuwar katifa a ciki, mai kauri, ana ganin mutum ta cikinta dishi-dishi kamar a ruwa. Ya rufe bakin ƙofar da ita tun daga sama, ya bi gefe da gefe da salatif, ya bar 'yar kafa a ƙasa ta turo abinci. Ya ɗauki allin awonta ya ja layi sha huɗu a bangon falo.

"Doka biyu ce," ya ce. "Ba ki fitowa. Yaro ba ya shiga. Kullum zan goge layi ɗaya."

"Me zai sha?"

"Kar ki damu da wannan. Akwai ƙwararre a gidan."

Washegari Inna ta turo mata tiren abinci da sandar goge ɗaki, tana daga nesa, kamar mai ba kare mai cizo. Maijego ta ci, ta wanke kofin shayin, ta tatsa wa yaron nonon da ya samu a ciki, ta turo shi waje.

"Inna, ko da cokali ne a ba shi."

Inna ta tsaya a kan kofin ba ta taɓa ba har Dakta ya dawo. Ya zagaya shi sau biyu. Ya fesa wa bayan kofin magani. Ya yi tunani, ya ce cutar ai a ciki take, ba a baya ba. Sai ya ɗauke shi da awartaki ya kai kwata ya juye, ya fesa wa kwatar, ya haƙa rami a bayan gida ya binne kofin.

Duk lokacin da yaro ya yi kuka, ƙirjinta sai ya amsa. Ta tatsa, ta turo. Ya juye, ya binne. Kafin a goge layi na uku, kofuna sun ƙare a gidan. Inna da ludayi take shan shayi, Dakta da murfin fulas.

"'Yar nan, ki tausaya mana," in ji Inna ta bayan leda. "Saura moɗar randa kaɗai."

Abin da ake ba yaron kuwa, Maijego tana gani. An kulle gari, kantin magani ɗaya ne a buɗe, shi ma babu madarar jarirai a ciki. Dakta ya dawo da bulumboti da gwangwanin madarar gari, irin ta shayi. Ya zauna a tsakar falo ya ɗaga bulumbotin sama yana auna ruwa da ido ɗaya, yadda yake yi wa tanki.

"Murfi ɗaya, ruwa har wuya," ya ce wa Inna. "Duk abu mai ƙarfi sai an sirka shi. Shekara goma sha ɗaya ina haɗi, ban taɓa kuskure ba."

"Maigida, wannan ai haɗin kyankyaso ne," in ji Maijego.

"Ma'auni ma'auni ne. Ke kin san yadi, ni na san lita."

Abin da ya fito a bulumbotin ruwa ne mai ɗan hazo, kana iya karanta jarida ta cikinsa. Yaron ya zuƙa saboda yunwa, ya saki, ya yi kuka, ya sake zuƙa.

A rana ta uku ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar an zuba duwatsu. Ko rigar ba ta son ta taɓa ta. Jikinta ya ɗauki zafi, haƙora suna haɗuwa. Ta san ko menene, an faɗa musu a wajen awo: nono ne ya taru bai sami mai sha ba. Dakta ya zo da na'urar auna zafi mai kama da bindiga, ya saita goshinta ta cikin leda, ya danna. Ya duba lambar, fuskarsa ta washe har ta bayan takunkumi ana gani.

"Inna, zo ki gani. Ba na faɗa ba? Da yanzu duk mun kwashe."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "Wasu 'ya'yan sai sun je jami'a."

"Nono ne, Inna. Ke kin sani. A miƙo min shi minti biyar zafin zai sauka."

Inna ta kau da kai tana jijjiga yaron. "Ni dai abin da ɗan nan ya ce. Shi yake da kayan aikin. Yi shiru, angona, yi shiru. Uwarka ce ta kwaso mana tsaraba."

Babu kofi, sai Maijego ta koma kan ƙyallayen ɗinki. Ragowar atamfar wata, guntun leshin wata, ta tatsa a kai tana cije leɓe, ta wanke, ta shanya a kan keken ɗinki. Ɗakin ya cika da ƙyallaye kala-kala masu warin nono.

Rana ta huɗu yaron ya fara gudawa. Tsanwa, ruwa-ruwa, sau bakwai kafin la'asar. Maijego ta manna fuska a jikin leda tana ƙirga zanen da Inna take cirewa.

"Haƙori ne," in ji Inna.

"Inna, kwanansa biyar."

"Uban nasa ma da wuri ya yi komai."

Dakta ya duba zanen daga nesa, ya gyaɗa kai. Ya ce alama ce mai kyau: ɗan abin da ya sha a asibiti ne yake fita. Da ya gama fita yaro zai zama tas. Ya ƙara wa haɗin ruwa don ya taimaka masa.

A ranar ne kuma ta fara jin wani abu. Bangon ɗakinta ɗaya ne da na babban banɗaki. Duk sanda Dakta ya shiga sai ya saki famfo gaba ɗaya, ruwa na zuba shaa, a ƙarƙashin ƙarar ruwan kuma wani sauti yana fita, a daddanne, kamar ana ƙoƙarin tayar da tsohon injin da ya ƙi tashi.

Da ya fito ta ce, "Maigida, tari kake yi?"

"Ƙaurin magani ne. Kowane mai feshi ya san shi."

"Ni ma ai shi ne ya sa ni."

"Naki daban. Ke ba ki da kwas."

Rana ta biyar ta tashi ta ji ƙirjinta ya yi laushi. Zafin ya sauka. Da farko har ta ji daɗi. Sai da yaron ya yi kuka a falo, ta saurari jikinta ya amsa kamar kullum, ta ji shiru. Ta ɗauki ƙyalle ta matsa. Ɗigo huɗu. Ta koma ɗayan. Ɗigo biyu. Ta zauna a kan kujerar keke riƙe da ƙyallen, ta daɗe.

"Yana tafiya," ta ce wa Dakta da yamma. "Nonon yana tafiya. In aka kai layi na sha huɗu, ko an ba ni shi babu abin da zai samu."

"To kin ga an huta da binne kaya."

"Ka dubi ɗanka. Wuyansa duk fata."

"Rai ake nema, ba ƙiba ba. Gobe za ki gode min." Ya gyara tabarau. "Na ma kira lambar da ake bayarwa a rediyo. Na faɗa musu akwai mai tari a gidan nan. Na yi musu bayani irin namu na ma'aikata. Za su zo su kai ki inda ya dace."

"Da yaron?"

Ya yi sauri ya shige banɗaki, famfo ya fara zuba.

Rana ta shida, Dakta ya goge layinsa ya fita aiki da sassafe. Hantsi ya ɗaga, gidan shiru. Shirun ne ya tayar da ita tsaye. Kwana biyar kukan yaron yana hana kowa sakat, yau sai wani ɗan sauti can ƙasa, kamar na 'yar kyanwa a cikin kwali.

"Inna, kawo shi kusa in gani."

Inna ta matso har bakin ledar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta ce haƙori ba. Leɓen yaron ya bushe, maɗigarsa ta lotsa kamar an danna da babban yatsa.

"Yaushe rabonsa da fitsari?"

"Tun jiya da azahar." Muryar Inna ta shige ciki. "Bulumbotin ma ya ƙi. Sai ya riƙe a baki kawai."

Maijego ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi ɗakin: keke, almakashi, tef ɗin awo, alli, allura, ƙyallaye. Ta jawo kujerar keke ta ajiye dab da leda. Ta zauna, ta auna daga ƙasa zuwa ƙirjinta, ta ɗiga alli a jikin ledar. Ta ɗora murfin gwangwanin maɓallai a wajen, ta zagaye shi.

"Me kike yi?"

"Taga."

Almakashin ya shiga da ƙyar, ya zagaya. Da'irar ta faɗo a cinyarta. Bakin ledar kaifi ne da shi, zai iya yankar kuncin jariri, don haka ta yanko auduga mai laushi a karkace, ta naɗe bakin, ta bi shi da allura ɗinki ƙanana ƙanana. Ko a wannan halin hannunta bai yarda ya yi ƙazamin aiki ba. Ta shiga banɗaki ta wanke hannu har gwiwa da sabulu, ta wanke ƙirji, ta ɗaura takunkumin da ta ɗinka tun rana ta biyu, ninki uku. Ta dawo ta zauna.

"Miƙo shi, Inna."

"Ɗan nan ya ce kada ki fito."

"Ban fito ba."

"Ya ce kada yaro ya shiga."

"Ba zai shiga ba."

Inna ta dubi tagar, ta dubi layukan bango, ta dubi ƙofar gida. Leɓunanta suna motsi, tana bin dokokin ɗaya bayan ɗaya ko za ta sami ta uku.

"Inna, ke da kika shayar da bakwai. Ba ki taɓa mura a ciki ba?"

"Mura?" Inna ta ja tsaki. "Shi wannan Daktan, da zazzaɓi na shayar da shi, ina kwance ina rawar ɗari yana bisa kaina. Shekara biyu da rabi. Da ƙafarsa yake zuwa ya ɗaga min riga a gaban baƙi."

Ta ji maganar a kunnenta kamar ta wani ce. Sannan ta cire ledar burodin daga hannu, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara.

Yaron bai kama ba. Kan nonon ya taɓa leɓensa, bai ko motsa ba. Inna ta gyara masa kai, ta shafa kuncinsa. Ya buɗe baki kaɗan, ya nemi roba, bai ji ta ba, ya saki.

"Haba angona. Abincinka ne fa. Na gaskiyar."

Maijego ta matsa daga ciki. Babu komai. Ta sake matsawa tun daga sama, da ƙarfi, har hawaye ya cika mata ido. Ledar ta yi gumi da numfashinta, ba ta ganin ɗan sai inuwa.

"Akwai?"

"Tukuna," in ji Inna. "Ƙara. Ƙara, 'yar nan. Tsaya. Ga ɗaya nan."

Ɗigon ya tsaya a leɓen ƙasa. Wani ɗan harshe ya fito ya ɗauke shi. Shiru. Sai bakin ya buɗe gaba ɗaya, ya cafka.

Zafin ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ya ja sau uku ya huta, ya ja sau biyar ya huta. Can ta ji abin da ta cire rai da shi, wani tsam-tsam daga hammata yana gangarowa. Inna ta kara kunne a wuyan yaron.

"Yana haɗiya," ta ce a hankali. "Ɗan banza, yana haɗiya."

Kwana shida an tsare yaron nan daga takarda, daga waya, daga kofi, daga numfashin uwarsa. An fesa wa kwata magani saboda shi. Yunwa ce kaɗai ba wanda ya tare a ƙofa, ita ce kuma ta shigo ta zauna da shi a falo, kowa na wucewa ta gabanta da takunkumi.

A haka Dakta ya same su. Ko azahar ba a yi ba ya dawo, yana jan ƙafa, tabarau ya yi hazo. Ya tsaya a tsakar falo. Uwarsa a durƙushe babu ledar hannu, ɗansa manne da ledar katifa, matarsa a ɗaya gefen kamar kifi a kwalba.

"An keta," ya ce. "An keta killacewa."

"Ba ta fito ba," in ji Inna, ko waigowa ba ta yi ba. "Bai shiga ba. Je ka duba dokokinka."

Hannunsa ya tafi kan famfon tanki da kansa, ya buga sau uku, ya ɗaga bututun ya saita tagar.

"Sai dai a tsaftace wurin."

Inna ta juya ta ba shi baya, ta rufe yaron da jikinta. "Ɗigo ɗaya ya taɓa angona, tankin nan a kanka zan fasa shi. Ni na haife ka, ba kamfani ba."

"Inna, ilimi ne. Ba ku gane..."

Maganar ta maƙale. Kafaɗunsa suka ɗaga. Ya dubi hanyar banɗaki, ya yi taku ɗaya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ba a jira izini ba aka turo. Wani dogon mutum ne cikin fararen kaya, na ainihi, masu lamba a ƙirji, da allon takardu a hannu. A bayansa, a titi, wata farar mota tana ruri, ƙofar bayanta a buɗe.

"Nan ne aka kira? An ce akwai mai tari." Muryarsa ta gaji, ta mutumin da ya shiga gida ashirin tun safe. "Gado ɗaya ya rage. Kuma in faɗa tun yanzu, ba ma ɗaukar jarirai."

Maijego ta zura yatsu biyu ta gefen tagar, ta riƙe zanen ɗanta.

Dakta ya miƙe ya gyara tsayuwa, abokin aiki ya ga abokin aiki. Ya ɗaga hannu zai nuna ledar. Hannun na kaiwa rabi, abin da ya kwana uku yana ɓoyewa a bayan famfo ya ƙwace. Ya fito ta takunkumi biyu, mai zurfi, har tankin yana kaɗawa a bayansa.

Baƙon ya dube shi. Ya dubi tsohuwar da ke durƙushe. Ya dubi ledar, da tagar mai kyakkyawan ɗinki, da jaririn da ke wannan gefe yana shan uwar da ke wancan gefe. Ya ciro biro ya danna.

"To," ya ce. "Wa zan rubuta, na cikin ledar ko na wajenta?"

A duk falon babu abin da ake ji sai haɗiyar yaron.